Wayar Gilashi

Lawali ya maida ƙyauren ƙofa, ya ɗana kwado, ya jefa makullin a aljihu. Moton yarinyar da ta zo gyara, wato babur ɗinta, yana ciki, buhun kuma yana gindin matakala, cike da wayoyin da ta yini tana zarewa daga bango. Ba inda za su je sai ya ji ta bakin mai gida.

Benen na ƙaninsa ne, Alhaji Inusa, wanda ya fara zuwa cin rani Kano da jakar leda, yanzu ga shi da shaguna a can. Ya gina shi a Matamaye, bakin hanyar Damagaram, ya zuba ƴan haya: buron ƙungiyar manoman rake a ƙasa, lakwal, wato makarantar koyon ordinater ko kwamfuta, a sama. Lawali ke gadi, shi ke shara, shi ke jin ƙorafi. Ƙorafin kuwa ba ya sakewa: rezon intanet ba ya kaiwa ɗakunan sama, akwatin da ke raba shi ya yi zafi ya tsaya.

Sai Inusa ya turo wannan Zuhra daga Damagaram, da jakar kayan aiki rataye a kafaɗa. Lawali ya ɗauka gyara za ta yi. Amma ya ga ta kwance manyan akwatuna masu fanka da ƴan fitilu, ta zare wayoyin jan ƙarfe masu kauri, ta maye gurbinsu da wani siririn abu kamar tsinken tsintsiya. A saman matakala ta manna ɗan farin akwati da bai wuce tafin hannu ba.

Ya hau ya same ta a tsugune.

"Malama, wannan ina wayarsa ta kuran, ta wutar lantarki?"

"Ba ya cin kuran, Baba. Fibir ce, zaren gilashi. Haske ke bi ta ciki daga injin da ke ƙasa. In ya iso nan, akwatin ya rarraba shi, kowane ɗaki ya samu nasa."

Lawali ya kara kunne. Shiru. Ya taɓa, sanyi ƙalau. Inji ba ƙara, ba ɗumi, ba fitila, a ce masa yana aiki?

"To nuna mini hasken," ya ce, ya kai hannu zai ɗaga bakin zaren zuwa idonsa.

Ta yi maza ta riƙe zaren. "Kada ka leƙa, Baba. Ido ba ya ganinsa, amma yana ɓata ido."

Nan zuciyarsa ta gama yanke hukunci. Hasken da ba a gani, kuma an hana a duba. Jan ƙarfe kuwa kowa ya san masu sayensa a bayan tasha. Bara waccan da damina, ya je Kurni kwana biyu duba gonarsa, ya dawo ya tarar an kwashe naɗin waya daga ɗakin ajiya. Inusa ya ce, "Ba komai, Yaya," bai sake tada zancen ba, amma Lawali ya daɗe yana jin kunyar abin. Ba za a maimaita a kan idonsa ba.

Da la'asar Zuhra ta sauko tana karkaɗe hijabinta, ta ga kwado a ƙofa.

"Baba, zan fita."

"Ke kina iya fita. Buhu dai yana nan."

"Alhaji ne ya ce in tafi da shi."

"Alhajin ni na goya shi a bayana. Bari mu ji."

Ya fiddo salularsa. Tun da ta faɗa ruwa ba ta jin magana sai an buɗe murya, don haka da Inusa ya ɗauka, duk tsakar gidan ya amsa. Suka gaisa, aka tambayi iyali da zafi. Lawali ya zayyana komai: akwatin da ba ya numfashi, zaren da aka hana shi dubawa, buhun da aka cika.

"Na ji, Yaya. Ba ni ita."

Ya miƙa mata. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, Inusa ya riga ta, ya rage murya kamar mai raɗa.

"Zuhra, kada ki biye masa. Ki ɗauki buhun nan yau, kada ya kwana a gidan. Ba na so ya shiga hannunsa. Ai dalilin da na ce a sa ta gilashi ke nan, ita ba mai sayenta a kilo. Yayana ne, ba zan iya cewa komai ba, kin gane."

Zuhra ta kashe wayar. Ta miƙa masa da hannu biyu, idonta a ƙasa.

Lawali ya karɓa. Ya tsaya yana kallon gilashin salular har ya yi duhu. Daga sama ya ji ɗaliban lakwal suna jan kujeru, ɗaya yana cewa rezo ya zo, a gwada ɗakin ƙarshe. Wani ya amsa daga can cewa ya kawo.

Ya je ya buɗe kwadon, ya tura ƙyauren har bango.

"Baba," Zuhra ta ce a hankali, "ka yi haƙuri. Na so in gaya masa kana ji."

"Ba ruwanki, ƴata."

Ta ja buhun, ya ƙi ɗaguwa. Ta dube shi. A da, ko baƙo ne da ɗan ƙunshi, Lawali ba ya bari ya ɗauka da kansa. Yau sai ya maida hannuwansa baya ya haɗe su. Ya ɗaga kai ya kira malamin lakwal, wanda ake ce wa Mushe, wato malam a bakin Faransanci.

"Mushe Illa, sauko ka kama mata. Ka duba bakin buhun kuma, ka ga a ɗaure yake."

Mushe Illa ya sauko yana mamaki, suka ɗora buhun bayan moto, suka ɗaure da roba. Zuhra ta yi sallama ta hau titi.

Yana alwalar magariba salular ta yi ƙara. Inusa ne, muryarsa a sake.

"Yaya, an gama lafiya? Rezo ya zauna?"

"Ya zauna, Alhaji. An tafi da kaya. Mushe Illa shaida ne, ban taɓa ba."

Daga can ɓangaren ƙarar motocin Kano kawai ke shigowa. Lawali ya jira kaɗan, sannan ya ajiye wayar a kan tabarma, ya ci gaba da wanke ƙafarsa.