Hoton da Ba a Gyara Ba

"Juyo dama kaɗan. Kaɗan na ce, Maryamu, ba ki ba ni ƙeya ba."

Maryamu ta gyara zama a kujerar roba, farin ƙyalle a bayanta, fitilar shago tana dallare mata fuska. Mahaifinta, Gidiyon mai hoto, ya ranƙwafa da kyamara kamar yadda yake yi wa masu neman fasfo cikin sauri kafin motar Abuja ta cika. A waje kuwa kasuwar Suleja ta fara ɗaukar zafi.

Gobe za ta koma wurin likitar fata. Likitar ta ce hoto biyu take so, na ranar da aka fara shafa magani da na yanzu. In man yana aiki a ci gaba, in ba ya yi a haƙura. Wannan haƙurin ne Maryamu ke tsoro, don ta riga ta sa rai.

Tun tana firamare wasu jajayen ƙulle-ƙulle suka fito mata a gefen hanci da kumatu. Aka ce ƙurajen balaga ne, alhali ko kusa da balaga ba ta yi ba. Ta sha sabulun salo, ta sha toka da lemon tsami, abu sai ƙaruwa yake. Sai a bara likita ta ce ciwon gado ne, a jini yake, tana faɗa tana duban fuskar Gidiyon da ya rako 'yarsa. Tasa ta fi ta Maryamu nesa ba kusa ba, shi dai ya maida abin wasa, yana cewa tambarin gidansu ne.

Man da aka rubuta mata ɗan gata ne, ba ya zama sai a firij. A na maƙwabciyarsu Maman Ibukun mai zoɓo yake kwana, tsakanin gorunan kunun aya, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta Maryamu ta fi mai zoɓon shiga damuwa. Rana ma an hana ta sha, sai yawo da lema ko babu hadari, har masu kayan miya suka sa mata Madam Lema. Watanni ke nan tana shafawa safe da yamma. Yau madubi ya ce mata da sauƙi, gobe ya ƙaryata kansa, har ta daina yarda da shi.

Mahaifin nata ma ba ta gama yarda da shi ba, don Gidiyon hannunsa ba ya zama. Duk fuskar da ta shiga kwamfutarsa sai ta fito sumul, tsohuwa ta koma budurwa, mai tabo ya rasa tabonsa. Hotunan Maryamu kaf, na makaranta da na baftisma, wata yarinya ce mai santsin kumatu wadda ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Ba ta taɓa yi masa magana ba, amma abin yana ci mata rai, ganin ko ubanta bai iya barin fuskarta yadda take ba.

Injin buga hoto ya turo hoton. Ta ɗauka ta duba, nan take ranta ya ɓaci.

"Baba, ka sake, ko?"

"Na sake me?"

"Ka goge. Likita ta ce kada a taɓa, a gabanka ta faɗa. Wannan ba fasfo ba ne, Baba. In ta ga ƙarya, me za ta duba?"

Gidiyon ya ɗauko kyamarar, ya danna, ya miƙa mata ta ga hoton a ɗan gilashin baya, yadda aka ɗauke shi tun bai shiga kwamfuta ba.

"Ita wannan ba ta iya gyara ba," in ji shi. "Duba gefen hancinki na hagu. Ga babban nan yana nan. Da ni na yi aikin, kin san ba zan bar shi ba."

Ta duba. Babban yana nan kuwa, da wasu 'yan ƙanana a haɓa. Ya jawo aljihun tebur ya fito da hoton farko ya ajiye kusa da sabon. Jan ya dushe, kumatun sun kwanta. Ba su tafi duka ba, amma ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Daɗi ya kama ta, kunya ta biyo baya, ta rasa wanne za ta fara ji.

"Yi haƙuri, Baba."

"Ba komai. Ni na saba miki da ƙarya."

Ya daɗe yana kallon hotunan biyu, yana shafa kumatunsa da bayan hannu. Can ya yi gyaran murya.

"Wannan likitar taki, yara kawai take dubawa?"

"Har masu furfura na gani a layi."

Sai ya rataya mata kyamarar a wuya, ya je ya zauna a kujerar roba, ya dafe gwiwoyi kamar baƙo a shagonsa. Na farko ya fito dishi-dishi don ba ta saba ba, na biyu ya fito tar, babu abin da ya ɓuya. Da hoton ya hau kwamfuta, hannun Gidiyon ya nufi wurin gyara da kansa. Ya tsaya, ya janye shi, ya danna a buga.

"Sa shi a ambulan ɗinki," ya ce. "Ki kuma gaya wa Maman Ibukun gobe ba zan buɗe shago ba."