Sunan Malam a Bakin Wata

Keziya nas ce a wani asibiti a tsibirin Staten Island na birnin New York, kuma ko likitoci suna kiyaye bakinta. Amma ranar Asabar ɗin nan, tsoron mahaifiyarta ya sa ta goge falonta na unguwar Stapleton har yana ƙyalli, ta ɗora gwate ta manta da shi sai da ƙauri ya tuna mata.

Ga abin da ya tayar mata da hankali. Wani ƙaramin kamfanin talabijin a New York ya shirya wasan kwaikwayo a kan rayuwar mahaifinta, marigayi Malam Nataniyel, malamin firamare da ya tsaya kai da fata a kan kurmin ƙauyensu na kan iyakar Kamaru, ya hana masu yankan katako shiga, aka ɗaure shi, ya fito ya ɗora daga inda ya tsaya. Keziya ce ta yi ta bin kamfanin shekara da shekaru har suka gaji suka amsa. Sai dai an yi alkawari ba za a nuna wasan ba sai matar marigayin ta gani ta yarda. Matar nan kuwa, Mama Elisabet, ba ta taɓa cewa ba laifi a inda akwai laifi ba, ko da fasto ne a gabanta.

Da azahar Mariatu ta iso, 'yar Zangon Kumasi da ke aiki da kamfanin. Tun daga unguwar Tremont ta taso, ta ƙetaro ruwa zuwa tsibirin rungume da kwamfuta. Ta durƙusa ta gaida Mama, ta jona wayoyi da talabijin, sannan ta ce da Hausarta ta Zango da ba ta raba mace da namiji, “Mma, in ka ga abin da bai yi ba, ka faɗa kawai, za mu yi fixing.”

Mama ta gyara tabarau ta ce ai faɗar ce ta kawo ta Amurka.

Ana farawa sai ga wani zabgegen saurayi mai faɗin ƙirji ya fito daga cikin itatuwa. Mama ta tambaya ko wane ne wannan. Da aka ce mata Malam ne, ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki.

“Da haka Malam yake, ai da matan zumuntar coci ba su bar min shi ba.”

Gaskiyarta. Malam gajere ne mai sanƙo, kekensa ma ya fi shi cika ido. Daga nan ba abin da ya tsira daga bakinta. Saurayin ya kama tuwo kamar mai tsoron ya cije shi, ta ce a ƙyale shi, yaro ne. Ya yi wa dagaci jawabi mai ratsa jiki, ta ce Malam na gaske da sai ya fara da labarin akuyar kakarsa, kowa ya gaji, sannan ya zo kan magana. Kurmin ma na wata ƙasa ne, ganyensa ya fi nasu faɗi, amma ta ce itace itace ne, Malam ba ya wariya. Keziya ta fara numfashi da kyau, har ta tashi ta zubo gwate daga saman tukunya inda bai ƙone ba.

Sai aka zo safiyar da aka kama shi. An tura Malam bayan mota, matarsa ta fito da gudu ba takalmi, ta ɗaga murya ta kira, “Nataniyel!” Shi kuwa ya juyo ya dube ta.

Dariyar Mama ta ɗauke. Keziya ta ji haushin kanta ƙwarai. Ta karanta wurin nan a rubutun wasan da Turanci ba sau ɗaya ba, bai taɓa yi mata wani iri ba. Alhali tun tasowarta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba. Malam ne, ko Baban Keziya. Ko a coci, in karatu ya biyo ta kan Nataniyel na cikin Littafi, tari ke kama Mama ta miƙa wa ta kusa da ita. Yanzu ga shi an sa ta tana kwarma shi a tsakiyar ƙauye, duniya za ta gani.

Mariatu ta gane nan take, don su ma haka iyayensu suke. Ta fara ba da haƙuri, tana cewa za a nemo 'yar wasan da ta fito a matsayin Mama a sake ɗaukar muryar. Keziya dai ta san 'yar wasan ta tafi wani aiki, ranar nunawa kuma ta matso. In Mama ta ce a'a, shi ke nan.

“Mayar da shi baya,” in ji Mama.

Aka mayar. Ta kalla ba ta ko ƙifta ido. Sannan ta ba su labarin da Keziya ba ta taɓa ji ba. Ran nan da gaske ta bi motar da gudu, ɗankwali ya faɗi ba ta tsaya ba. Ta yi ta kiran Malam, Malam, amma rabin mazan da ke wurin malamai ne, kowa ya waiwayo ban da shi. Sunan ya zo mata har bakin leɓe, kunya ta riƙe shi, motar ta sha kwana. Bayan ya fito ma ba ta gaya masa ba, har Allah ya ɗauke shi.

“Ku bar shi yadda yake,” ta ce, tana goge tabarau da bakin zane. “Yarinyar nan ta fi ni ƙarfin hali. Kun ga ai ya juyo.”

Keziya ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka biyun. Mariatu ta kai hannu za ta ci gaba da wasan, Mama ta tare ta.

“Dakata, 'yar nan. Sake mayarwa. Keziya, ƙaro mana murya.”