Ƙarar da Ghali Ya Kai Gidan Ibadar Buda

A ci abincin mutum, a kwana a gidansa, sannan a fita da asirinsa kasuwa: wannan shi ne laifin Ghali, kuma ban san laifin da ya fi shi ƙazanta ba.

Ghali Bakano ne, yana sarin kaya a Guangzhou. Shekara da shekaru Lao Tan, mai shago a kasuwar tufafi ta Baima, ke ɗinka masa riguna. Da zazzaɓi ya kayar da Ghali, Lao Tan ne ya ɗauke shi zuwa gidansa. Mabiyin Buda ne, ba ya cin nama, don haka Ghali ya ci tuwonsa ba fargabar alade. A can ya lura ɗakin kwana ɗaya ne, kuma A Fai, mutumin da ke dafa masa shayi, ba ƙanin Lao Tan ba ne, abokin zamansa ne.

Addininmu bai yarda da wannan ba, na sani. To shi ya halatta cin amana?

Da sallah ta matso, Ghali ya so a tsallake kayan Issa, mutumin Maradi, a fara ɗinka nasa.

"Meiyou," in ji Lao Tan. "Babu. Issa ya riga ka."

"Laoban, maigida, ka yi tunani," in ji Ghali. "Na san inda kake ibada."

A wannan gidan ibada Lao Tan ke dafa wa masu ziyara abinci duk mako, nan kuma aka ajiye allon sunan marigayiya uwarsa. In an kore shi, ya rasa komai. Duk da haka bai tsallake kayan Issa ba.

Ghali ya ja Issa ya raka shi gidan ibadar, bai faɗa masa dalili ba. Suka tarar da babban malamin wurin, tsoho mai askakken kai, yana shara. Ghali ya zazzage maganar cikin waya, waya ta fassara.

Tsohon ya jingine tsintsiya. "Ya yaudari wani? Ya tilasta wa wani?"

"A'a, amma abokin zaman nasa namiji ne fa!"

"Mu da muka aske kai mun bar mace, mun bar namiji, duk ɗaya ne gare mu. Shi Lao Tan bai aske ba. Abin da nake tambayarsa shi ne kada ya cuci kowa da jikinsa. Wasu malamanmu sun fi ni tsanani, amma a nan haka ne. Kai a ina ka sani?"

 Issa ne ya amsa. "A gidansa ya yi jinya."

A bakin ƙofa Issa ya juyo. "Kai, Ghali, ba ka da kunya? Da cikin da ya cika maka ka zo nan? Tir!"

Kafin la'asar maganar cin amanar Ghali ta zagaye titin Guangyuan, matattarar 'yan kasuwarmu.

Lao Tan na nan yana dahuwarsa. Ghali kuwa ya rasa mai ɗinki, an mayar masa da yadinsa ko almakashi bai taɓa ba. Ya rasa gurbinsa a kwantenar da suke haɗawa da Issa, ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Nansha ba shi. Ya rasa cinikin sallah. Kuma cikin Hausawan garin, babu mai sake ba shi wurin kwana.