Kututturen Turaren Baba

Wuƙar tana cikin saiwar lokacin da matar Manaja ta shigo tsakar gida da ledar lemo a hannu. Ta saki ledar, lemo ya gangara har bakin kwata.

"Na shiga uku! Ke Digiri, me nake gani haka? Bishiyar bawan Allah kika kwantar kina yankawa kamar akuya?"

Ban ɗago kai ba. Digiri shi ne sunan da mutanen gidan hayarmu suka laƙaba mini tun da na gama jami'a na dawo ɗakin mamata, shekara uku ke nan ba aiki. Suna kiransa ne yadda ake kiran sunan wata cuta. Ni kuwa ina amsawa da ƙarfi, don su ji cewa tawa ce, ba aronta na yi ba.

"Aikin da aka sa ni nake yi," na ce.

"Wa ya sa ki?"

"Mai ita."

Mai ita yana kwance a ɗakinsa na ƙarshen baranda, na buɗe masa taga na tokare bayansa da filo biyu don ya riƙa ganina. Baba Mai Tukwane ke nan, uban Manaja, surukin matar nan. Shekara talatin ya yi a gandun daji yana rainon dashe. Da ya ajiye aiki ya tare a gidan nan da bishiyoyin turare bakwai, kowace a tukunyarta. Ɗaya ƙwallon yara ta fasa. Biyu ruwan wanki ya kashe, don matan gidan sun ga kwata ta yi musu nisa. Uku kuwa tsigar ganye ce ta ƙarasa su. Duk wanda mura ta kama sai ya lallaɓo ya tsige na sirace, ko sannu ba zai yi wa tsohon ba. Saura ɗaya, mai shekara goma sha tara, a cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙasa da ke zaune kan bulo uku.

Muryarsa ta fito ta taga, siririya.

"Kashi ɗaya cikin uku na saiwar, Malama. Kada ki wuce."

Shi kaɗai ke ce mini Malama a gidan.

Saiwar ta cika tukunyar, ta nannaɗe kanta kamar igiyar rijiya, ƙasa ta ƙare. Ka zuba ruwa ta sama, ya fice ta ƙasa bai jiƙa komai ba. Ganyen ƙasa duk ya bushe. Duk shekara biyu Baba yakan fito da ita ya rage saiwar, ya sake ƙasa, ya datse kan. Bana hannunsa ba ya iya riƙe ko kofin shayi.

Na gama da saiwar, na jera tsakuwa a gindin tukunya, na cika ta da baƙar ƙasa mai yashi da ɗan taki. Sannan na ɗauki zarto na datse jikin bishiyar daidai gwiwata. Kan ya faɗi, ƙamshi ya cika gidan. A nan ne Manaja ya shigo yana kaɗa makullin mota. Manajan wani gidan mai ne, yakan zo duba ubansa ranar hutu, ya yi minti goma a tsaye, ya ɗauki hoto da shi, ya tafi.

"Ke! Hauka kike yi? Wannan ita ce digirin?"

"Ka shiga ka tambayi Baba."

"Mutumin da ba ya cikin hayyacinsa? Baba, kana kallo yarinyar nan ta kashe maka abin da ka fi so?"

"Ka san abin da na fi so ashe," in ji Baba, ya juya fuskarsa bango.

Mai Ɗinki, wadda ɗakinta ke kallon namu, ta riga ta fito da faranti tana tsince ganyen da ya zube.

"Tunda dai an riga an yi ɓarnar," ta ce, "kada ya lalace a banza."

Da suka watse na shiga wajensa. Ɗakin yana warin magani da tsohuwar katifa. Na murza ganye ɗaya na sa masa a tafin hannu, ya kai hanci.

"Ba ta son a taɓa mata saiwa," ya ce. "Za ta yi fushi, ta yi kamar ta mutu. Ki ba ta kwana ashirin da ɗaya. Kada ki lallashe ta da ruwa, nan ake kashe su. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi ki ƙyale ta. Kullum da safe ki juya tukunyar kashi ɗaya cikin huɗu, don rana ta ga ko'ina."

"Baba, da mun bari ka warke ka yi da kanka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Malama, ke ma kin fara irin maganarsu? In na tafi na bar ta haka, shaƙe kanta za ta yi. Ni dai in ga jajayen idanun nan na sabon toho sun fito, shi ke nan."

Bai gan su ba. Rana ta tara, da hantsi, na juya tukunyar na leƙa ta taga in faɗa masa ba labari tukuna. Idonsa a buɗe yana kallon kututturen, hannunsa ɗaya ya sauko gefen gado. Na kira shi sau biyu. Na shiga na rufe masa ido, sannan na kira mamata.

Kafin yamma gidan ya cika da masu sonsa. Ban san yana da su haka ba. Matar Manaja ta yi kuka har aka riƙe ta, ita da ba ta taɓa wanke masa ko zanin gado ba. Mai Ɗinki kuwa ta sami labarin da take ba kowane baƙo.

"Tun ranar da ya ga abin nan bai sake cin abinci ba. A gabana aka yi. Baƙin ciki ne ya ƙarasa shi, Allah dai ya raba mu da ilimin da ba tausayi."

Baba ya daina cin abinci tun wata guda kafin nan, ni ce nake mayar da kwanon. Ban faɗa ba. Ba zan tsaya in wanke kaina gaban mutanen da ba su san ƙafar da ke masa ciwo ba.

Sai tausayinsu ya koma kan kututturen. Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ba bishiyar nan ruwa mai kyau a cikinsu, amma yanzu duk wadda ta wuce sai ta tsiyaya mata ragowar kofi tana cewa "Allah sarki". Matar Manaja ta kwara mata bokiti guda a gaban jama'a. Na tura yatsa na ji ƙasar ta zama kunu. Na karkata tukunyar na tsiyaye, na ɗauko tsohon faranti na huda tsakiyarsa na rufe bakinta.

"Ku gani! Ko ruwa ta hana a ba ta!"

"Na hana," na ce.

Mamata ta ja ni ɗaki.

"Don Allah ki je ki ba su haƙuri ko na baki ne. A gidan nan za mu ci gaba da zama."

"Mama, haƙurin me? In na yi laifi ki faɗa mini, in durƙusa yanzu."

Ta dube ni, ta girgiza kai.

"Wannan taurin kai na ubanki ne. Ki ci abinci dai."

Aka daina amsa gaisuwata. In na zo famfo hira ta mutu, in na juya baya a tuntsire da dariya. Na ci gaba da ɗibar ruwana a lokacin da na saba, da bokitin da na saba.

Rana ta goma sha shida Manaja ya zo kwashe ɗakin. Ya ɗauki rediyo da agogon bango ya sa a mota, sauran ya ce a raba. Ya shuri tukunyar da takalmi.

"Wannan gawar kuma a kai ta bola."

"Ka bar mini."

"Ɗauki mana. Ke kika kashe, ke za ki binne."

Maza huɗu na tsaye a wurin. Na shimfiɗa buhu, na mirgina tukunyar a kai, na ja ta da baya da baya daga ƙarshen baranda har ƙofarmu. Sau uku ina tsayawa in huta, farcena ɗaya ya tsage. Suna kallo. Na koma na kwaso bulo ukun, ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta ashirin da ɗaya na fito tun da safe. Na duba kututturen sama da ƙasa, ba komai, busasshen ɓawo kawai. Mai Ɗinki ta ji Baba yana faɗin kwanakin ta taga, ashe tana lissafi.

"Digiri, yau ne fa. Ko mu shirya kujeru?"

"Ki shirya. Ki sa kujerarki a gaba."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. A nan ne kawai na bari shakka ta shige ni. Wataƙila na wuce kashi ɗaya cikin uku. Wataƙila bokitin nan ya ruɓar da abin da na bari. Wataƙila duk abin da suke faɗa gaskiya ne, kuma a bakin irin waɗannan mutanen zan ji ta. Washegari na fito na juya tukunyar. Kashegarinta ma haka. Na tura yatsa, a bushe, na ba ta kofi biyu, ban ƙara ba.

Rana ta ashirin da shida, ina durƙushe zan rungumi tukunyar, na gan su. Ɗigo uku ne jajaye ƙasa da inda zarto ya bi, ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Na huɗu ya fara tsagewa, ganye biyu masu laushi a manne da juna.

Mai Ɗinki tana bakin famfo, ta ɗaure kai da tawul, mura ta toshe mata hanci tana ja. Taku goma ne tsakaninmu. Kalma ɗaya ta isa gidan nan duka ya taru a ƙofata.

Na kama bakin tukunyar na juya ta kashi ɗaya cikin huɗu, kamar kullum. Jajayen idanun suka koma suna kallon bangonmu. Na kakkaɓe ƙasar da ke gwiwata, na ɗauki bokitina na bi layin famfo a bayanta.