Takabar Barira Mai Kifi

A Madarumfa, shekarun da nake ba ku labari, in mutum ya ce zai ci kifin gindin tsamiya, to na Barira yake nufi. Nan take kafa murhunta tun hantsi, a gefen hanyar da motocin fatake ke bi zuwa iyaka. Mijinta Malam Ado masunci ne, dattijo marar yawan magana. Shi zai shiga tabki da gorarsa da komarsa ya kamo karfasa da tarwaɗa, ita ta wanke, ta barbaɗa gishiri, ta soya da man gyaɗa. Ba su yi arziki ba, ba su kuma kwana da yunwa ba.

Barira tana da farfaɗiya. Tun tana budurwa a Safo ciwon ya same ta, kuma farkon zuwanta Madarumfa ta taɓa faɗuwa a bakin kaskonta ranar kasuwa. A wancan zamani mutanen garin sun ɗauka miyan bakin mai farfaɗiya shi ke ɗauke da ciwon, wanda ya taɓa ko ya tsallaka ya kwasa. Saboda haka duk inda mutum ya faɗi, sai a tara ƙaiƙayi a wurin a cinna masa wuta, a ƙone ƙasar. Hayaƙin ƙaiƙayi kuwa, kun sani, yana da nasa wari. In ya tashi daga wani gida da rana tsaka, ba sai an tambaya ba. An ƙone gindin tsamiya ran nan, kuma damina biyu ta wuce ba wanda ya sayi ko kan kifi a hannunta. Karnuka suka ji daɗin shekarun.

Sai aka kawo Malam Kalebu gidan likita. Ɗan Maraɗi ne, Kirista, siriri mai tabarau, kowa likita yake ce masa ko da yake shi kullum yana cewa bai kai ba. Shi ya ɗora Barira kan wata ƙaramar ƙwaya fara, ta sha kowace rana ba fashi. Ya gaya mata, ya gaya wa duk wanda zai tsaya ya ji, cewa ba a ɗaukar ciwon nan a miyau. Ba wanda ya yi masa musu, ba kuma wanda ya daina tara ƙaiƙayi. Amma ƙwaya ta yi aiki. Shekara ta zagayo Barira ba ta faɗi ba, wata ta sake zagayowa. Direbobi baƙi suka fara saye, da ƴan gari suka ga ba abin da ya same su, su ma suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar dama can bai taɓa daina zuwa ba.

To, ba a samun nama babu ƙashi. Ƙwayar nan barci take sa ta. Ba barcin gajiya ba, wani irin nauyi ne da ke zama a bayan idanu tun safe. Tana juya kifi sai kai ya yi ƙasa. Ana ba ta labari sai ta rasa inda aka kwana. Ta kan sa goro a baki, ta kan yayyafa wa fuskarta ruwan randa, duk a banza. Hannunta na dama duk tabon mai ne. Direbobi suka sa mata suna Sarauniyar Gyangyaɗi, in sun tsaya sai su danna odar mota da gangan, ɗayansu ya ce, "Inna, a tashe ki ko a ɗiba a tafi?" Ita kuma ta ce masa ya ɗiba mana, in yana son ya kai Katsina da hannu ɗaya.

Wata rana bakin zanenta ya kama wuta tana zaune tana kallonsa, ba ta gane abin da take gani ba. Lami, maƙwabciyarta mai sayar da fura, ita ta sheƙa mata ruwan wankin kifi. Lamin nan kirki gare ta, amma bakinta ba ya riƙe komai. In ka gaya mata magana da safe, kafin azahar ta kai garin Sarkin Yamma.

Da Malam Kalebu ya ga ƙunar, sai ya ce akwai wata ƙwaya da ake samu a Maraɗi, wadda ba ta cika sa barci ba. Sai dai ita ma tana da nata hali, wasu takan kumbura musu dasashi. Kuma ba a sauyawa rana ɗaya, sai a riƙa rage tsohuwar ana ƙara sabuwar, wata biyu ko uku. A tsakanin nan, ya ce, ba zai yi mata ƙarya ba, tana iya faɗuwa sau ɗaya ko biyu.

Barira ta ɗaura ɗankwalinta ta ce, "Likita, in na ƙone, hannuna ne. In na faɗi, kaskona ne."

Ya ce ta yi tunani. Ta ce ta yi.

Malam Ado ya ba ta shawara ta zauna gida har a gama sauya ƙwayar. Ta ce masa mace ba ciki, ba jinya, ba tafiya, ta ɓace daga kasuwa wata uku, me yake tsammani za a ce? Za a ce ciwon ya dawo, kuma wannan da faɗuwa a gindin tsamiya duk ɗaya ne. Ya ce to ta je Safo wajen danginta. Ta ce matan Safo ai su ke kawo wake kasuwar nan. Daga nan bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya sassaƙa mata kujera mai tsawo don ta riƙa zama nesa da wuta. Haka aka ci gaba, ita da barci da kasko, har fiye da shekara.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, tabki ya ja baya, kifi ya yi wuya, Malam Ado ya riƙa daɗewa a cikin ruwa fiye da yadda ya kamata ga mai shekarunsa. Sanyi ya kama ƙirjinsa, bai yi mako biyu a kwance ba ya rasu. Barira ta shiga takaba: wata huɗu da kwana goma, ba kasuwa, ba biki, ba ado. Ta cire ƴan kunnenta ta zauna a kan tabarma, mata suna shigowa suna fita. In ta yi gyangyaɗi a tsakiyarsu sai su ce baƙin ciki ne, su rage murya. Karo na farko ke nan da barcinta ya samu mutunci.

Bayan sadakar bakwai Malam Kalebu ya zo gaisuwa. Bai shiga ba, ya tsaya a bayan zana ya yi mata ta'aziyya yadda ya ji Musulmi na yi, ta amsa daga ciki. Har ya juya zai tafi, sai ta ce, "Likita, maganar nan ta bara. Wata nawa ka ce?"

"Biyu ko uku."

Ya gane a cikin takabar take son a sauya ƙwayar, amma bai faɗa ba, don ba shi ya kamata ya faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, dole a samu wadda za ta riƙa yini da ita, kada ta kusanci wuta ko rijiya ita kaɗai.

Kwanaki ta yi tana juya abin. Takaba ibada ce, hakkin miji ne, kuma tana jin nauyin ta mai da ita mafakar sha'aninta. Ta kan tuna kuma Malam Ado da kansa ya ce ta zauna gida, ga shi yanzu ya zaunar da ita ba tare da kowa ya tambayi dalili ba. Ga tsoron faɗuwar kanta, wadda ta manta yadda take. Ga kuma babbar matsala: ɗiyarta tana aure can Jibiya da goyo, dangi sun watse, wadda za ta iya yini da ita kullum ba a yi mamaki ba Lami ce.

Bayan arba'in, da ƙafa ta ɗauke, ta kira Lami ta gaya mata komai. Lami ta dafe ƙirji ta ce wallahi ko kaza ba za ta ji ba. Barira ta ce kaza ba ta dame ta ba, matan rijiya take ji. Washegari Malam Kalebu ya aiko da ƙwayoyi iri biyu a ƙunshe daban-daban, ya yi wa Lami bayani har sau uku.

Makonni suka shuɗe lafiya. Nauyin ido ya fara sauƙi. Barira ta lura tana jin kiran la'asar daga farko har ƙarshe, ta lura akwai tsaga a bangon ɗakinta da ba ta san da ita ba. Sai wata safiya a cikin wata na uku na takaba, tana tsaye kusa da turmi tana gaya wa Lami yadda ake cire ɗacin tarwaɗa, maganar ta tsaya a bakinta, ta faɗi.

Lami ta ja baya har jikin zana, kamar yadda kowa ke yi. Sannan ta tuna abin da likita ya ce, ta dawo, ta ture taɓarya gefe, ta naɗe hannunta da bakin zane ta juya ta a kan haƙarƙari. Ba a daɗe ba jikin ya saki. Ta ja ta inuwa, ta rufe ta, ta dawo ta tsaya tana kallon ƙasar da ta jiƙe a gindin turmi.

Ita dai Lami ba za ta iya barin wurin nan ba a ƙone ba. Jikokinta na shigowa gidan da ƙafa ba takalmi, kuma likita da bakinsa ya ce ba komai, amma likita ba shi da jika a unguwar. Ta ɗebo ƙaiƙayi a ƙwarya, ta ɗauko garwashi a kasko. Ta duba sama, babu iska, hayaƙin zai miƙe ne tsaye har a gan shi daga rijiya.

Ta ajiye ƙwaryar. Ta je bayan ɗaki ta mirgino duwatsun murhun Barira guda uku, ta jera su a daidai wurin, ta cusa itace, ta hura wuta mai ƙarfi. Ta leƙa waje ta sayi kifi wurin wani masunci da ke wucewa, ta ɗora kaskon suya.

Ƙamshin ne ya farkar da Barira. Ta daɗe tana kallon murhu a inda ba murhu, ta kalli ƙwaryar ƙaiƙayi a gefe, ta gane. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Man bai yi zafi ba kika sa. Zai sha mai."

"To tashi ki yi, gwana," in ji Lami, tana share ido da bayan hannu, wai hayaƙi ne.

Da la'asar Lami ta ɗauki tire ta kai gindin tsamiya, ta ce Barira ta gaji da zaman banza, ta fara suya daga gida. Wannan labari ne da za ta iya bazawa, ta kuwa baza shi har inda ƙafarta ba ta kai ba. Kifi ya ƙare kafin magariba, ko da yake wani direba ya ce takaba ta ɓata hannun Inna. Murhun ya zauna a nan tsakar gida har ƙarshen takaba, kowa na kewaye shi in zai je turmi. Barira ba ta sake faɗuwa ba.

Ran da ta fita takaba, ta yi wanka, ta mai da ƴan kunnenta, ta koma wurinta. Dasashinta ya ɗan tasa kamar yadda aka faɗa, kullum da asuwaki a hannunta, in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi. Malam Kalebu ya tambaye ta ko tana son a koma tsohuwar ƙwaya, ta ce za ta yi tunani, ba ta kuma sake ɗauko zancen ba. Direbobi sun yi ta danna oda kwana biyu, da suka ga tun daga nesa take ƙirga su da ido, sai suka daina. Lami kuwa ta ci gaba da sayar da furarta a gefe, tana ba da labarin kowa a garin, har da na waɗanda ba su yi komai ba.