Idon Gwaji

A ƙarshen daminar 1992 Malam Ubale ya kusa rasa idonsa na dama. Hoton ciwon yana hannunsa tun da hantsi. Ya dube shi da kyau, ya ce madubin kyamara ne ya goce.

Ubale malamin kimiyyar haske ne a jami'a, kuma yana cikin wani ƙaramin ɗakin bincike da ke ɗaukar hoton cikin ido. Shugabarsu Dakta Baturiya, likitar ido ce. Surajo, wani Bazazzagi mai yawan tsokana, shi ke riƙe da kyamara. Shitu direba ne, amma ya daɗe tare da su har yana cewa "bincikenmu". Kyamarar babba ce, da teburinta da wurin ɗora haɓa. Tana haska ƙuryar ido ta ɗauki hoton tantanin da ke can baya, wanda shi ke karɓar haske har mutum ya gani.

A wannan karon sun kai ta wani ƙauyen masunta a gaɓar Tiga, ta ɓangaren Tudun Wada. Mutanen na cikin waɗanda ruwan dam ya tasa daga garuruwansu na asali, kuma ana yawan kukan ciwon ido a cikinsu. Hedimastan makarantar ƙauyen ya ba su aji ɗaya. Suka toshe tagogi da barguna don a sami duhu, Shitu ya tada janareta a bayan aji.

Suna da wata al'ada. Duk inda aka sauke kyamara daga mota, ba a ɗora haɓar kowa sai an gwada ta a idon da aka sani. Idon Ubale na dama ne. Ba ya ƙiftawa in fitila ta walƙa, kuma baƙin idonsa yana buɗewa a duhu ba sai an ɗiga magani ba. Shekaru ke nan ana haka, har babu mai kallon hoton a matsayin idon wani. Kyamara ake dubawa.

Ubale ya cire tabarau ya ɗora haɓa.

"Idon Bakano ke nan," in ji Surajo yana daidaita kyamara. "Ya saba kallon kayan mutane a kasuwa bai ƙifta ba."

"Ɗauki hotonka, Bazazzagi. Rana na yi."

Fitila ta walƙa. Surajo ya zaro takardar hoton, irin mai fitowa nan take, ya kaɗa ta. Jan fili ya bayyana, da jijiyoyi kamar rassan bishiya. A ƙasa kuma akwai wani fari-fari mai lanƙwasa, kamar jinjirin wata.

Ubale ya mayar da tabarau ya karɓa. Ya san irin wannan. Duk wanda ya taɓa aiki da kyamarar ya san shi: in madubin ciki ya goce, haske yakan zube a gefen hoto. Hanyar da suka biyo kuwa ramuka ce da kwazazzabai.

"Madubi ne," ya ce. "Kawo sukundireba."

Dakta Baturiya ta leƙo daga baranda, inda take ɗiga wa dattawa maganin buɗe ido. Ya ɗaga mata hoton daga nesa. Ta ce, "Hanyar nan ce. Ku yi sauri, mutane sun taru."

Suka buɗe kyamara. Ubale ya daidaita madubi, Surajo ya goge gilasai da auduga, suka rufe, suka sake ɗauka. Farin na nan. Suka sake buɗewa. Ubale ya zargi fitila, suka canza ta. Ya zargi janareta, Shitu ya rantse cewa wutarsa ba ta rawa. Duk hoton da ya fito, farin na nan a wuri ɗaya, bai ƙaru ba, bai ragu ba.

A waje, waɗanda aka ɗiga wa magani sun zauna a inuwar dalbejiya, sun rufe fuska da rawani saboda haske ya fara damunsu. Sarkin ruwan ƙauyen, Malam Alasan, yana cikinsu. Shi ya shawo kansu suka ajiye koma da jirage a ranar. Ya aiko a tambaya ko injin ya mutu ne. Ubale ya ce a ba su haƙuri.

Da aka kira Azahar ya fita alwala, ransa a ɓace. Surajo bai so ya jira. Ya kamo Shitu ya zaunar da shi.

"Ni? Wallahi in na makance kai za ka tuƙa mota."

"Da idon nan ma ai ba ramin da ka bari. Ɗora haɓa."

Da Ubale ya dawo ya tarar suna murna. Hoton Shitu ya fito tas, gefe da gefe, babu fari. Surajo ya ce, "An gyara, Malam. Ashe kyamarar ma ta gaji da Kanawa ne."

Ubale ya duba, ya ji daɗi, amma ya ce gwaji sai a idon da aka sani. Ya zauna. Fitila ta walƙa. Ya ji Surajo yana kaɗa takardar, sai kaɗawar ta tsaya. Ya jira tsokana, bai ji ba.

"Malam," in ji Surajo, "juyo min na hagu."

Na hagu ya fito tas. Surajo ya jera hotunan uku a kan bencin ɗalibai, ya fita ya kira Dakta.

Ta daɗe tana dubawa. Ta ɗiga wa Ubale magani, ta ɗaura fitilar duba ido a goshi, ta sa shi ya kwanta a kan tebur. Ta ce ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ƙara yin ƙasa. Muryarta ba ta canza ba.

"Kana ganin walƙiya a gefen ido?"

"Dakta, wanda ake walƙa wa fitila shekara da shekaru ai dole ya ga walƙiya."

"Ko a ranar da ba a ɗauke ka ba?"

"Wani lokaci."

"Rufe na hagu. Kalli hancina. Kana ganin ɗankwalina?"

Ya ga hancinta da bakinta da idanunta. Daga goshi zuwa sama akwai wata inuwa. Ya taɓa lura da ita, ya ɗauka ƙarfen tabarau ne. Yanzu babu tabarau a fuskarsa.

Ta kashe fitila ta faɗa masa kai tsaye. Tantanin ya ɗan yage daga ƙasa, ruwa ya shiga bayansa, yana ɗaga shi a hankali. Bai kai tsakiya ba tukuna. In ya kai, idon ba zai ƙara karatu ba, ko an yi aiki. In aka riga shi, akwai kyakkyawan zato.

"Yaushe zai kai?"

"Ban sani ba. Zai iya yin wata, zai iya yin kwana. Kano za mu yanzu."

Ubale ya tashi zaune. Ya ce akwai mutane a waje da aka riga aka ɗiga wa magani, sun rasa kamun yini. Ya ce a gama da su, gobe a tafi. Ya ce abin da ya jira watanni zai jira kwana ɗaya.

"Malam Ubale," in ji ta, "a kan madubi kai ne malamina. Wannan ba madubi ba ne. Surajo zai tsaya ya ɗauki hotonsu, kyamara lafiyarta ƙalau. Shitu zai dawo ya ɗauke shi."

"Ni kaɗai a hannun masunta?" in ji Surajo. Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Je ka, Malam. Aikin nan ba zai gagare ni ba."

Ta rufe masa idanu biyu da auduga da bandeji, don in ɗaya ya motsa ɗayan ma zai bi. Duhu ya rufe shi. Ya miƙe bai san inda ƙofa take ba, a ajin da ya wuni a ciki. Wani hannu mai kaushi ya kama nasa.

"Ni ne Alasan. Taho, Malam. Akwai dakali, ɗaga ƙafa."

"Sarki, ku yafe mana. Mun ɓata muku yini."

"Wane yini? Kifi na cikin ruwa, ba inda za shi. Kun zo duba idonmu, Allah ya nuna muku naku. Sauka a hankali, saura ɗaya."

Ya ji mutane na matsawa suna ba shi hanya. Muryoyi suka yi ta zuwa ta ko'ina, sannu Malam, Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Wata tsohuwa ta ce a jira, aka jira. Aka cusa masa matasan kai biyu a gefen wuya, suna ƙanshin hayaƙin kifi. Alasan ya tofa addu'a ya shafa masa a goshi, ya rufe ƙofar mota a hankali.

Shitu mutum ne mai gudu. Ubale ya sha yi masa faɗa a kan haka. A ranar kuwa Landiroba ta riƙa tafiya kamar ta ɗauko ƙwai. Duk ramin da za a shiga sai Shitu ya sanar.

"Yallaɓai, ga wani nan. Wannan shi ne ɗazu ka ce ya sa madubi ya goce."

"Tuƙa motarka."

"Keke ya wuce mu, yallaɓai. Mai keken har ya waigo. Mutuncina ya zube a ƙasar Tudun Wada."

Ubale ya yi murmushi, Dakta ta ce kada ya motsa kai. Ya tuna allon aji da alli. Ya tuna ƙananan lambobin da ke jikin kyamara, waɗanda da idon dama yake karanta su, domin na hagu tun yana yaro ba shi da ƙarfi sosai. Ya yi ƙoƙarin tuna fuskar matarsa Tasalla dalla-dalla, ya ga akwai wuraren da ba ya iya cikewa. Wannan ya fi komai tsorata shi. Ya shiga salati a zuci.

Ya gane sun hau kwalta da motar ta daina jijjiga. Ya gane Kwanar Dangora da kiran kwandastoci da ƙanshin tsire. Ruwa ya sauko, ya ji shi a kan rufi, ya ɗauke. Dakta ba ta yi masa alkawarin komai ba. Lokaci-lokaci takan ce, "Muna tare, Malam," shi ke nan.

Sun shiga Kano bayan La'asar. A asibitin ido ta bar shi a benci tare da Shitu, ya ji takalminta ya yi nisa. Ta dawo da wani likita mai sanyin murya, wanda suka yi karatu tare. Ya buɗe bandeji ya duba, ya ce tsakiya na nan lafiya, amma ruwan ya matso. Aka sa aiki washegari da safe. Shitu ya je gida ya ɗauko Tasalla, ya san yadda ya faɗa mata har ta iso ba ta yi kuka ba sai da ta gan shi.

Aka yi aiki. Aka ɗaure idon da wata 'yar igiya ta roba daga waje don tantanin ya koma ya manne. Ya yi kwanaki a kwance, kai a wuri ɗaya, Tasalla na ba shi koko da cokali. Surajo ya dawo daga ƙauye ya ba shi labarin an ɗauki kowa, kuma mutum biyu cikin dattawan za a kawo su asibitin nan.

Ranar da za a buɗe idon duk suka zo. Likita ya warware bandeji, ya goge, ya rufe na hagu da tafin hannu. Da farko haske ne kawai da hawaye. Sai abubuwa suka fara tsayawa: ƙarfen gado, farar riga, Tasalla ta toshe baki da mayafi. Can sama akwai sauran inuwa kaɗan. Likita ya ce wannan wataƙila ta zauna ke nan.

Aka sa masa tabarau. Dakta Baturiya ta miƙo jaridar da ke hannunta, ta ɗora yatsa a kan ƙananan rubutu. Baƙaƙen suka yi rawa, suka tsaya. Labarin rabon takin zamani ne a Kiru. Ya karanta layin farko da ƙarfi, ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya, ya koma ya gyara.

"Alhamdu lillahi," in ji Tasalla.

Ubale ya sauke jaridar. Ya shirya magana tun yana kwance, doguwa, kowa da rabonsa. Ya dubi Dakta, ya dubi Surajo, ya dubi Shitu a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Abin da ya fito bai da yawa.

"Allah ya saka muku. Ban san me zan ce ba."

"Amin," in ji Dakta. "Kada ka ce komai. Kuka ma ban yarda ba, ɗinkin sabo ne."

"Ni dai a faɗa wa jami'a idona ne ya yi aikin," in ji Shitu.

"Idon da ya ƙifta sau uku kafin a samu?" in ji Surajo.

Suna ta musu, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce su rage murya. Ubale ya sake ɗaga jaridar, ya rufe na hagu da hannunsa, ya ci gaba daga layi na biyu.