Buhun Duna

Ladi ta ɗaga ƙafafun karenta Duna na baya, ƙanwarta Naomi ta jawo shi cikin Keke Napep.

"Yaya, yau fa ranar Timothy ce," in ji Naomi.

"Shi ya sa. Kai shi gidanki, ki rufe ƙofa."

Keken ya nufi Unguwar Sarki, ita ta ja ƙafa ta koma gida.

Timothy ɗanta ne, likitan dabbobi. Yana binciken yadda tsufa ke cin jiki, da karnukan gida yake yi, wai su da mutane tuwo ɗaya suke ci, kuma suna saurin tsufa. Duk unguwarsu ta Malali babu karen da ya kai Duna shekaru. Kowace Asabar sai Timothy ya zo ya ɗebi jininsa, ya leƙa idonsa, ya mammatsa masa gwiwa yana lallashi. Ita kuwa uwar da gwiwa ta hana ta zuwa coci tun Ista, "Mama, sannu" take samu, shi ma daga bakin mota. Abin ya ci mata rai, har ta tsani jin ƙarar motar.

Yau zai kawo Farfesa Sharhabil, wanda zai ce a ci gaba da binciken ko a rufe. Ta sani sarai.

Da hantsi suka iso. Suka tarar da Ladi a gindin mangwaro, zaune daram a kan buhun da Duna ke kwanciya, ta miƙe ƙafafu.

"Mama, ina Duna?"

"Ya tafi ziyara."

Gumi ya karyo wa Timothy. Ya sunkuyo, ya rage murya. "Don Allah, Mama, kada ki kashe ni a gaban Farfesa."

Ta ji daɗin ganin gumin nan, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ba tsufa kake nema ba? Ga gwiwa, ga ido. Na girme shi nesa, kuma ba na cizo."

Farfesa ya tsuguna ya gaishe ta. Ya dubi kumburarriyar ƙafarta, ya daɗe yana dubawa.

"Mama, yaushe rabon da a auna jininki?"

Ladi ta gyara zama a kan buhun, ta nuna ɗanta da haɓa.

"Ranka ya daɗe, tambayi likita. Duk Asabar yana gidan nan."